Rayuwar Malam Salahuddeen Tarai, Wanda Ya Nemi Mai a Cikin Gansakuka

Ina neman afuwar malamai da manya da duk wanda wannan takarda za ta faɗa hannunsa. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarrabawa ba, kuma na san tarihin mutum ba aikin yarinya ba ne. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban marigayin ce ta sanar cewa za ta buga ɗan littafi don tunawa da shi, ta nemi wani daga cikin iyalinsa ya rubuta tarihinsa, aka yi ta jira ba wanda ya kawo komai. To, shi ne na ɗauki biro. Abin da aka fi saninsa da shi a Rano shi ne aikinsa ya lalace a gaban baƙi, kuma ina ganin dalilin da ya sa yayyena suka yi shiru ke nan. Na karanta irin waɗannan tarihohi, na ga ba a cewa "ni" a cikinsu, saboda haka daga nan zan yi ƙoƙarin janye kaina. Inda aka ga kuskure nawa ne, ba na wadda ta ba ni labari ba.

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Salahuddeen Abdulganiyyu a shekarar 1968 Miladiyya, a garin Tarai da ke ƙasar Kibiya, a kudancin Jihar Kano. Mahaifinsa, Malam Abdulganiyyu ɗan Alu, manomi ne mai lambun albasa, mahaifiyarsa kuwa, Ramlatu, Bafulatana ce daga wata ruga da ke gabas da garin, kusa da ruwan da ake kira Tafkin Marke. Shi ne ɗan farinta, kuma bisa al'adar Fulani ta kunyar ɗan fari ba ta taɓa ambaton sunansa ba har ta koma ga Mahaliccinta. Idan tana nemansa sai dai ta ce a kira mata wancan yaron.

Da aka yaye shi aka kai shi ruga wajen kakarsa, sai dai wanda ya yi renonsa na haƙiƙa shi ne ƙanen mahaifiyarsa, Hammadu, wanda a lokacin saurayi ne. Shi ya riƙa ɗaukarsa a wuya zuwa kiwo, shi ya koya masa sunayen shanu da yadda ake gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga tafiyarta, kuma shi ya gajarta sunan zuwa Salahu, wanda babu mai kiransa da shi sai shi kaɗai.

A rugar ne ya fara ganin wata ɗabi'a da makiyaya suka gada, wato ba dabbobi kanwa. Idan bazara ta yi nisa dabbobi suka rame, ko kuwa ana shirin kai bijimi kasuwa, sai a daka kanwa a jiƙa ta a kwami a ba su, domin cin abincinsu ya buɗe, jikinsu ya murje. A wajen Hammadu babu alherin da mutum zai yi wa abu mai rai da ya kai ya ba shi kanwa mai kyau. An ambaci wannan a nan ne saboda zai sake dawowa a gaba.

Karatunsa

A shekarar 1976 mahaifinsa ya dawo da shi gida, ya sa shi a makarantar firamare ta garin, yana haɗawa da karatun allo da yamma. A 1982 ya wuce sakandare a Rano, inda ya yi fice a lissafi da ilimin sinadarai, alhali a wasanni da hira ba a jin ɗuriyarsa. Ya sami gurbi a jami'a a birnin Kano a 1989, ya karanta ilimin sinadarai, ya kammala a 1993. Abokan karatunsa suna tuna wani Bafulatani dogo mai malfa da ya riƙa zuwa ɗakin kwanan ɗalibai da kwalbar man shanu a cikin jaka, ba ya yarda ya shiga ciki, sai ya tsuguna a gindin bishiya ya jira a kira masa Salahu. Hammadu ke nan.

Aikinsa da aurensa

Bayan ya yi hidimar ƙasa, an ɗauke shi aikin koyarwa a 1995, aka tura shi wata sakandaren gwamnati a Rano, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa ta aiki, bai taɓa neman a mai da shi birni ba. Ɗalibansa sun shaide shi da zuwa aji a kan lokaci, da rashin duka, da kuma sayen kayan gwaji da kansa idan na makaranta sun ƙare.

A shekarar 1997 ya auri Salamatu, 'yar Malam Tajuddeen na Nariya, suka zauna a gidan haya a cikin Rano kafin ya gina nasa a bayan gari. Allah ya azurta su da 'ya'ya shida. Na biyunsu, Amiru, ya rasu da ƙyanda a 2003 yana ɗan shekara biyu, kuma an ce tun daga lokacin Malam ya ƙara rage magana.

Yadda ya shiga sha'anin gansakuka

A ranin 2010 aka yi ƙarancin man fetur da na gas mai tsanani a yankin, injinan ban-ruwa suka tsaya, lambun mahaifinsa ya bushe a kan idon tsohon, albasa tana gab da nuna. Malam ya tsaya a bakin Tafkin Marke, ga ruwa cike, ga inji, ba abin da zai tayar da shi. A shekarar da ta biyo baya ya koma jami'a neman digiri na biyu, kuma a can ya riski binciken da masana suke yi a kan koren nan da yake rufe ruwan kududdufi, wato gansakuka.

Bayanin da yake yi wa ɗalibansa shi ne, koren ruwan ba datti ba ne, tarin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya ganin ƙwaya ɗayarsu, suna rayuwa da hasken rana, suna tara mai a jikinsu, kuma idan aka tatso man aka gyara shi zai iya tayar da inji. Noman gansakuka ba wuya, don ita ko ba a gayyace ta ba zuwa take yi. Wuyar tana wajen girbi. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da suke bi ta cikin rariya da ƙyalle su wuce, idan kuwa aka ce za a tafasa ruwan ya ƙone a bar su, man da za a ƙona ya fi wanda za a samu.

Hanyar da ya bi ita ce ta wani baƙin garin ƙarfe wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, irin ƙanƙantar da masana suke kira nano. Idan aka barbaɗa shi a koren ruwa aka gauraya, sai ya manne wa ƙwayoyin gansakukar, sa'annan a zura maganaɗisu ya janyo su gaba ɗaya, a bar ruwa garau. Amma garin yana da sharaɗi guda: ba ya kamawa sai ruwan yana da ɗan tsami kaɗan. Idan tsamin ya mutu, to, garin da gansakukar sai su zama kamar ba su san juna ba.

Da hannunsa yake haɗa garin, kaɗan-kaɗan, bayan an tashi daga makaranta, kuma aikin mako guda ba ya cika cokalin shayi. Kwalabe suka cika gidansa, har wata rana Salamatu ta ce masa, "Malam, ko dai ka fitar da kwalaben nan daga ɗakina, ko ka gina musu nasu, ni ban auri kududdufi ba." Ya gina musu nasu. Matan maƙwabta kuma suka riƙa aiko yara wai a sam musu kwallin Malam, sai da ya sa kwaɗo a ƙofar.

A 2014 ya fara ganin kwalba ta washe a hannunsa. A 2016 ya tara man da ya isa ya kunna fitilar aci-balbal, ya tara iyalinsa a tsakar gida bayan magariba ya kunna musu. Ta kama, tana ɗan ƙarnin kifi. Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa ganin ya yi dariya irin ta ranar ba.

Kwamaye uku a bakin tafki

A shekarar 2017 ya nemi dagaci ya ba shi fili a bakin Tafkin Marke domin ya faɗaɗa aikin. Wurin kuwa yana cikin rigima tun kafin zuwansa. Gonaki sun cinye burtalai, sauran tafkuna suna ƙafewa kafin tsakiyar bazara, ya zamana Tafkin Marke shi ne mashaya ta ƙarshe da ta rage wa shanun rugagen da ke tsakanin Tarai da Nariya. Masu lambu kuma, a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Ramalan, sun daɗe suna son a kewaye tafkin baki ɗaya, saboda shanu suna tattake musu shuka a hanyar zuwa shan ruwa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Dagaci ya tara ardon makiyaya da masu lambu da dattawa, ya yanke cewa Malam ya ɗauki gaɓar yamma, shanu su ci gaba da sha a gaɓar gabas. Masu lambu suka amince bisa sharaɗi ɗaya, wato duk ranar da makiyayi ko dabbarsa suka ɓata wa Malam aiki, a rufe mashayar har abada. Malam ya ce shi bai nemi wannan sharaɗi ba kuma ba ya buƙatarsa, amma aka ce ba dominsa kaɗai aka sa ba. Ardo ya karɓa, don ba shi da zaɓi, aka shafa fatiha.

Ya gina kwamaye uku na siminti, masu faɗi marasa zurfi, kowane da toshiya a ƙasa ta zubar da ruwa. Hammadu, wanda a lokacin tsufa ya hana shi kiwo mai nisa, ya naɗa kansa mai gadi ba tare da an roƙe shi ba, yana wuni a gindin marke yana korar awaki da yara. Wata rana ya daɗe yana kallon ruwan, sai ya ce, "Wai Salahu, wannan koren abin naka yana ci kuwa?"

Malam ya ce, "Yana ci, Kawu. Yana ci, yana sha, yana ƙiba, yana tara mai a jikinsa kamar yadda saniya take tara kitse."

Hammadu ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla. Ashe ba ka bar gida ba. Na ɗauka boko ya cinye ka."

Malam ya ba iyalinsa wannan labari a matsayin abin dariya.

Ranar gwaji

A farkon 2019 wata gidauniya mai tallafa wa binciken makamashi ta sanar cewa za ta kafa ƙaramar masana'anta a wuri ɗaya daga cikin wuraren da ake irin wannan gwaji, kuma aikin Malam ya shiga cikin waɗanda za a zo a gani da ido. Aka sa rana a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Ya tattara duk garin da ya haɗa a cikin shekaru biyu domin wannan rana. Ya gwada ruwan kwamayen ya same shi daidai, sa'annan ya tafi Kano domin ya taho da baƙin, ya bar wurin a hannun kawunsa.

Hammadu ya ji cewa manyan mutane za su zo daga nesa su duba abin da Salahu yake reno, kuma daga abin da suka gani za su yanke hukunci. Sai ya yi abin da kowane makiyayi yake yi kafin ya kai bijiminsa gaban masu saye. Yana da buhun kanwar ungurnu da ya daɗe yana tattali domin 'yan shanun da suka rage masa. Ya ɗauko shi, ya daka, ya raba wa kwamayen nan uku daidai wa daida, ya gauraya da sandarsa. Bai gaya wa kowa ba, don a wajensu ba a shelar kyauta. Duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san abin da kanwa take yi wa tsami.

Baƙin sun iso a makare ranar Juma'a da hantsi, suna ta duba agogo. Dagaci yana wurin, ardo yana wurin, masu lambu sun cika gaɓar, ga ɗalibai an jera su cikin kayan makaranta. Malam ya ga ruwan ya yi kore shar fiye da yadda ya bar shi, ya ji daɗi, kuma saboda gaggawar baƙin bai sake gwada shi ba. Ya yi bayani, ya barbaɗa garin a kwami na farko, ya gauraya, ya dakata, ya zura maganaɗisu. Da ya ɗago, baƙin garin ne kawai ya biyo shi, ruwan yana nan kore kamar ba a taɓa shi ba. Ya koma na biyu, haka. Ya juye sauran garin duka a na uku, haka.

Sai ya tsoma yatsa a ruwan, ya ji santsi, ya kai bakinsa. Mutumin da ya tashi a ruga ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane wannan ɗanɗano. Ya ɗaga kai, ya hangi Hammadu a gindin marke, ya sa sabuwar rigarsa ta Sallah, ya dogara da sanda, yana murmushi.

Ramalan ya lura da yatsan. Ya matso ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Malam, ko an taɓa maka ruwan ne? Faɗi kawai, kar ka ji kunyar kowa, ga dagaci nan zaune."

Babu wanda yake yawo da kanwa buhu guda a wannan yanki sai makiyayi, kuma duk wanda ya ɗanɗana ruwan zai san haka. Idan Malam ya ce an taɓa, baƙin za su fahimci cewa laifin ba na garinsa ba ne, wataƙila su sake sa masa rana. Mashayar kuma za a rufe ta kafin la'asar, a tsakiyar bazara.

Malam ya ce, "Ba wanda ya taɓa. Lissafina ne bai yi daidai ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ta buɗe jaka tana neman kwalba domin ta ɗebi ruwan su je su bincika. Kafin ta samo, Malam ya sunkuya ya zare toshiyar kwami na farko, ya wuce na biyu, ya wuce na uku. Ruwan ya kwarara cikin yashi, da gansakukar da garin shekaru biyu, yashin bazara ya shanye. Baƙin suka ɗauka fushi ne da rashin ladabi, kuma haka suka rubuta. Suka shiga mota kafin a kira sallah. Masana'antar aka kai ta wani wuri.

Da jama'a suka watse, Hammadu ya tako a hankali ya same shi zaune a bakin kwami. Ya ce, "Salahu, ka ga yadda suka yi kyau kuwa? Kanwar shanuna na ba su, ungurnu ce, ba irin ta kasuwa ba. Baƙin naka ne dai ba su da haƙuri. Ai ba a sayen dabba a tsaye."

Malam ya ce, "Na gani, Kawu. Allah ya saka da alheri." Sa'annan ya ƙara da cewa, "Amma kar ka gaya wa kowa. Sirrin aiki ne, kar wasu su kwaikwaya."

Hammadu ya ce, "Haba, ni yaro ne?"

Shekarunsa na ƙarshe

A yammacin ranar ya shaida wa Salamatu abin da ya faru, ya kuma ɗora mata amana cewa kada maganar ta fita matuƙar Kawu yana numfashi, ko ga 'ya'yansu. Ta ce masa, "Malam, sunanka fa? Ka san mutanen garin nan." Ya ce, "Sunana ba ya jin ƙishirwa, Salamatu. Shanu suna ji."

Ta san mutanen garin kuwa. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa Malam Gansakuka. Idan ya wuce ta bakin tasha 'yan acaɓa sukan ce, "Malam, a ɗan zuba mana kore mana, tanki ya bushe!" Shi kuma sai ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ɗalibai sun riƙa zana kwaɗo a allo kafin ya shigo aji, yakan goge ya rubuta darasi. Babban ɗansa, Adnan, wanda ya fara karatun sinadarai saboda shi, ya sauya fanni a shekarar, kuma an ji ya ce wa mahaifiyarsa, "Umma, da Baba ya tsaya a alli da allo da ba mu zama abin nuni ba." Ta ce masa ya tashi ya ba ta wuri.

Ya yi ƙoƙarin farfaɗo da aikin. Ya rubuta wa wurare da dama tsakanin 2019 da 2021, amma duk inda takardarsa ta je labarin malamin da ya zubar da ruwan gwajinsa a gaban baƙi ya riga ta isa. Ya ci gaba da haɗa garin a ɗakin kwalabe, cokali-cokali, ba tare da wani kwami da zai zuba shi ba.

A ranin 2021 ya je wajen dagaci ya ce ya sauka daga gaɓar yamma, ya kuma roƙi a bar wa makiyaya kwamayen uku, tunda an riga an gina su, kuma idan shanu suna sha daga nan ba sai sun ratsa ta lambu ba. Ramalan da kansa ya ce wannan magana ce mai kyau. Tun daga lokacin a cikinsu ake shayar da shanu, a cikinsu kuma ake jiƙa musu kanwa.

Ciwon sukari ya bayyana gare shi a 2020, ya taɓa ƙodarsa a 2022, ya ajiye aiki a shekara mai bi saboda ba ya iya tsayuwar aji. Hammadu ya riƙa takowa daga ruga yana kawo masa sassaƙe-sassaƙe da nono, yana yi masa faɗa cewa zaman ɗaki ne yake kashe shi. Duk zuwan da zai yi sai ya rage murya ya tambaye shi yaushe za a sake tara koren, don ya samo wata kanwar da ta fi waccan. Malam yakan ce, "Sai na warke, Kawu."

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Malam Salahuddeen Abdulganiyyu rasuwa ranar Talata, cikin watan Rajab na shekarar 1445 bayan Hijira, daidai da Janairun 2024, a wani asibiti a Kano, yana da shekara hamsin da biyar. An kawo gawarsa Tarai, aka yi masa sallah bayan azahar a ƙofar gidan mahaifinsa, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da ɗansa Amiru. Jama'ar da ta halarta ba ta da yawa daga Rano, amma mutanen rugage sun zo har da waɗanda ba a san su ba.

A wajen zaman makoki Hammadu ya shiga cikin gida ya yi wa Salamatu ta'aziyya. Ya tsuguna, sa'annan ya ce, "Ni na goye shi, ga shi ya riga ni. Ni da shi muna da wani sirri na aikin nan nasa, 'yata, amma ya ce kar in faɗa."

Ta ce, "To, a bar shi yadda ya ce, Kawu."

Hammadu ya rasu a daminar 2025 a rugarsa, bai faɗa wa kowa ba, kuma bai taɓa sanin abin da kanwarsa ta yi ba. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinsa ne Salamatu ta ɗauki amanar ta sauka daga wuyanta, ta ba da wannan labari ga wadda ta tambaye ta.

Marigayin ya bar matar aure ɗaya, Salamatu, da 'ya'ya biyar: Adnan, ma'aikacin banki a Kano, Khalid, mai sayar da kayan waya a Rano, Salma, tana aure a Kibiya, Fatima Zahra'u, tana koyon aikin jinya, sai auta, Hidaya. Ya bar jikoki uku. Ya kuma bar kwalba ɗaya ta baƙin gari a ɗakin da ya gina, ba ta kai rabi ba, ba wanda ya san abin da za a yi da ita. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan kawunsa, ya haskaka makwancinsu, ya sa Aljanna ce makomarsu.

A nan tarihin ya ƙare, sai ɗan roƙo daga mai rubutu. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya tafi ruga da magana. Aikin da aka ɗaura sharaɗin a kansa ya mutu, mai aikin ya mutu, mai kanwar ma ya mutu. Na je Tafkin Marke makon jiya don in tabbatar da abin da na rubuta, na tarar da shanu sun jeru a kwamayen suna sha, gansakuka ta yi kore a gefen simintin, ba mai kula ta.

Yaya Adnan bai ga wannan ba tukuna, kuma ban iya kai masa da hannuna ba. Zai gani a littafin tare da kowa.

Yanzu haka ina zaune a kan benci a barandar ofishin da 'yan ƙungiyar suke taro, ina ƙarasa layin nan a kan gwiwata. Ina jiyo su a ciki suna gardamar hoton da za a sa a bango, wani yana cewa a bar maganar gansakukar nan gaba ɗaya, a rufa wa Malam asiri. Akwai tebur a bakin ƙofa inda aka ce a ajiye takardu. Zan ɗora a kai, in danne da dutse saboda iska, in bi ta ƙaramar ƙofar baya kafin wani ya fito ya tambaye ni 'yar gidan wa ce.